Me ya sa gida yake fitowa kamar na roba bayan renda?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka ƙware a harkar nan. Gida ne mai hawa ɗaya, taswirarsa ta zo a fayil ɗin DWG na AutoCAD, an ɗaga shi a manhajar 3D ta SketchUp, ana renda (wato fitar da hoto mai kama da na gaske) da V-Ray. Hotuna uku ake so: na gaba daga waje, na falo da rana, da na dare. Na wajen yana fitowa kamar gidan roba, farin bango ya ƙone ba a ganin komai a jikinsa. Falo duhu, ga tsaki-tsaki ko'ina. Wasu wuraren bango suna ƙyalƙyal da baƙi idan an juya kamara. Kwamfutar RAM 16 ce, katin hoto mai 6 GB. Manhaja zan canza ko kuwa?

Mai_Taswira:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bar manhajar nan inda take tukuna. Yawancin abin da ka lissafa tun kafin a danna renda aka haife su, kuma duk inda ka koma za su bi ka.

Fara da DWG ɗin. Kafin ya shiga SketchUp a buɗe shi a AutoCAD, a cire rubuce-rubuce, layukan awo, kayan ɗaki da zanen tayil, a bar bango, ƙofofi, tagogi da ginshiƙai. A yi PURGE, a yi OVERKILL domin layukan da suka hau kan juna su tafi, sannan FLATTEN domin kowane layi ya kwanta a ƙasa. Layi ɗaya da ya ɗago da milimita biyu ya isa ya hana fuskar ɗaki rufewa, kai kuma da kake kallo daga sama ba za ka ga dalili ba. Bayan haka a jawo zanen kusa da 0,0,0. Taswirar da ta biyo ta hannun masu awon fili takan zauna ɗaruruwan kilomitoci nesa da tushe, lissafin manhajojin 3D kuwa yana rasa daidaito idan lambobi sun yi girma haka. Daga nan ake samun gefuna suna rawa, inuwa tana yagewa, kamara tana yanke bango.

Da ya shiga, kafin komai auna ƙofa guda. Faɗinta ya kamata ya zama wajen milimita 900, tsayi 2100. Idan ka ga ta ninka sau 25.4, to milimita aka karanta a matsayin inci. Ma'auni in ya karkace komai ya karkace: fitilu ba za su haska daidai ba, tekscha (hoton da ake lulluɓa wa bango ko ƙasa) ba za ta zauna daidai ba.

Hajiya_3D:
Ƙyalƙyal ɗin baƙi da kake gani fuska biyu ne suka kwanta wuri ɗaya, manhaja ta rasa wadda za ta nuna. Ya fi faruwa inda daɓen ƙasa ya haɗu da tayil, ko inda aka kwafi bango aka manta da na farko a ƙarƙashi. Goge ɗaya, ko ka ba tayil kaurinsa na gaske, milimita 10, ya hau saman daɓen.

Sai ka shiga View, Face Style, Monochrome. Duk fuskar da ka gani shuɗi-shuɗi daga waje bayanta ne ya juyo, danna dama ka zaɓi Reverse Faces har gidan ya zama fari gaba ɗaya. A SketchUp kana iya shafa wa bayan fuska fenti ya yi kyau a ido, amma ranar da ka fitar da shi zuwa wata manhaja sai ka ga rami ko baƙi, kuma gilashi ba ya karya haske daidai idan fuskokinsa a juye suke.

Kada bango ya zama shafi ɗaya. Ba shi kaurinsa kamar yadda taswira ta nuna, 225 ko 150, silin kuma ya ɗan shige cikin bangon. In ba haka ba za ka ga wani siririn haske yana tsiyaya ta kusurwar sama inda babu taga. Kowane sashe ya zama Group, duk abin da ake maimaitawa kamar taga ya zama Component.

Ɗan_Blender:
Abin da ke kawo kamar robar nan, a ganina, kaifin gefe ne kafin komai. Babu gefen da kaifinsa ya kai na kwamfuta a ginin gaske. Kusurwar filasta, gefen tebur, bakin matakala, duk suna da ɗan lanƙwasa na milimita 2 zuwa 5, kuma wannan ɗan wurin ne yake kama haske ya ba da siririn layi mai sheƙi da ido ya saba da shi. In babu shi ƙwaƙwalwa tana gane cewa ba gaske ba ne ko da mutum bai san dalili ba. A V-Ray sa Edges a gurbin Bump ka ba shi faɗin milimita 3, a Blender akwai Bevel. Ba sai ka sassaƙa kowane gefe da hannu ba.

Na biyu zurfi. Taga kada ta manne da fuskar bango, tura ta ciki milimita 80 zuwa 100 ta samu inuwa. Sa dandamalin taga da ɗan leɓensa, sa allon gindin bango a ciki mai tsayin 100, bar rata ta milimita 2 ko 3 tsakanin tayil da tayil, fito da bakin rufi yadda zanen ya ce, sa bututun ruwan sama. Ginin kuma kada ya tsaya a kan koren shafi kai tsaye, a ga dakali, a ga inda siminti ya ƙare ƙasa ta fara. Ginshiƙi mai zagaye kuwa, SketchUp yana ba da'ira gefe 24 ne idan ba ka canza ba, wanda ke kusa da kamara mai da shi 48.

Injiniyan_Haske:
Ni kan haske zan tsaya, don ƙonewar bango da duhun falo tushensu ɗaya.

Kamarar renda kamar ta gaske take aiki. Da rana tsaka a waje, f/16 da ISO 100 da 1/100 na daƙiƙa su ne suke ba da hoto daidai, wato EV (lambar da ke auna hasken da kamara ke ɗauka) wajen 15. V-Ray yana farawa da kusan 14, wanda na waje ne. Cikin ɗakin da taga kawai ke haskawa yana tsakanin 8 da 11. Kowane mataki ɗaya na EV ninki biyu ne na haske, saboda haka tsakanin 14 da 9 akwai ninki 32. Ka shiga falo da saitin waje, dole ya yi duhu. Abin da mutane ke yi sai su ƙara ƙarfin rana ko su cusa fitilun ɓoye a ɗaki, sai inuwa ta rikice. Bar ƙarfin rana a 1, sauke EV. Taga za ta yi fari sosai, haka take yi a hoton gaske ma. Rage Highlight Burn a allon renda kaɗan, abin da ke waje zai ɗan dawo.

Farin bango kuma, duba lambar launinsa. In 255 ka sa a ja da kore da shuɗi, ka ce wa manhaja bangon yana mayar da duk hasken da ya same shi, babu fentin da ke yin haka. Farin fenti mai kyau kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari yake mayarwa, wato wajen 225 zuwa 230 a lambar launi. Lambobin nan ba a miƙe suke ba: 188 shi ne rabi, ba 128 ba. Lissafin yana da sauƙi. A rufaffen ɗaki jimillar hasken da ke kai-kawo tana kusa da 1 a raba da abin da ya rage bayan an cire kason da bango ke mayarwa. Bango mai 0.5 ya ninka haske sau 2, mai 0.8 sau 5, mai 1 kuwa hasken ba ya mutuwa. Shi ya sa ɗaki mai 255 yake fitowa ba inuwa ba zurfi, renda kuma ta daɗe.

Kafin ka sa wa komai launi kunna Material Override da toka-toka, ka cire gilashi daga ciki, ka daidaita haske a haka. Idan gidan bai yi kyau da toka ba, marmara ba za ta cece shi ba.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai malamai. Na duba, 255 ne kuwa. Ranar fa, ta wane ɓangare ya kamata ta fito? Kuma HDRI (hoton sararin sama mai zagaye da ake haska wuri da shi) ya fi ko ranar V-Ray?

Injiniyan_Haske:
Kada ta kasance a bayan kamara, fuskar gidan za ta zama shafe. Ta zo ta gefe, digiri 45 zuwa 60 daga inda kamara take tsaye, tsayinta a sama digiri 25 zuwa 45, ta yadda fuska ɗaya tana cikin haske ɗaya tana inuwa. Amma da sharaɗi: saita arewa da wurin da filin yake a duniya tukuna, sannan ka nemi wata da sa'ar da ke ba da wannan hasken. Fuskar da rana ba ta taɓa bugawa kada a ƙirƙira mata rana. Duba inuwar 21 ga Yuni da 21 ga Disamba ma, nan za ka san ko barandar tana kare tagogi da gaske.

HDRI yana ba da launin sama da gajimare da abin da gilashi zai nuna. Nemi mai 32-bit, na Poly Haven kyauta ne. Idan akwai rana a cikinsa kuma ka bar ta V-Ray a kunne, inuwa biyu za ka samu. Kashe ɗaya, ko ka juya HDRI har su haɗu. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, shi ke sa bakin inuwa ya ɗan yi laushi. Ninka shi biyu ko uku ba laifi, fiye da haka ya koma ranar hazo.

Mai_Sauri:
Da girmamawa ga manya, duk wannan wahalar ta mece ce? Ya tura samfurin zuwa manhajar renda ta nan-take kamar D5 ko Twinmotion ko Lumion, cikin sa'a guda ga bishiyoyi, ga mutane, ga motoci, yana gani nan take. Mai gida ba EV yake tambaya ba, hoto yake so yau, gobe ya ce a canza launin rufi. Enscape ma a cikin SketchUp ɗin yake zaune, ka motsa bango ka gani a take. V-Ray a katin 6 GB jira ne kawai.

Hajiya_3D:
Gaskiyarka a kan sauri, Malam, musamman bidiyo da zama da mai gida ana canje-canje. Daƙiƙa 30 na bidiyo a hoto 30 kowace daƙiƙa hotuna 900 ne. In kowanne na cin minti biyar sa'o'i 75 ke nan. Nan babu gardama. Amma juyayyar fuska, bango mai 255 da kaifin gefe duk za su bi shi D5. Bambancin kawai can zai ga munin da wuri.

Injiniyan_Haske:
Kuma a falo ne ake gane bambanci. Manhajojin nan-take suna yin dabaru don su yi sauri: wasu suna lissafa abin da madubi zai nuna daga abin da ke kan allo kawai, sai ka ga abin da ke bayan kamara ya ɓace daga madubi ko tayil mai sheƙi. Sun gyaru sosai da katunan RTX, wasunsu ma sun ƙara yanayin bin sawun haske na sosai, amma da ka kunna shi jiran ya dawo. Hoton waje da rana, na yarda, da wuya mai kallo ya bambance. Ɗaki mai ƙaramar taga inda duk hasken daga bango zuwa bango yake tafiya, V-Ray ko Cycles na Blender ko Corona sun fi riƙe gaskiya.

Mai_Sauri:
Na karɓi ta falo. Amma ku ma ku yarda mai koyo ya fi saurin gane haske idan yana juya rana yana ganin sakamako a take.

Ɗan_Blender:
Wannan haka ne, kuma V-Ray ɗin ma yana da Interactive. Ya rage hoton zuwa faɗin fiksel 800 ya kunna mai share tsaki, zai riƙa gani cikin daƙiƙoƙi.

Mai_Taswira:
Akwai abin da ya fi zaɓin manhaja muhimmanci a wurina, shi ne kamara, domin nan ake yaudarar mai gida ko da ba a yi niyya ba. Tsayin kamara a waje mita 1.6, daidai idon mutum. A ciki ana iya sauke ta zuwa 1.2 ko 1.4. Ruwan tabarau milimita 28 zuwa 35 a waje, 24 a ciki. Mutum ya sa 14 don falo ya shiga duka, ɗaki mai mita 4 da 5 ya fito kamar zaure na taro, a gama gini mai gida ya shiga ya ce ba wannan aka nuna masa ba. In ɗakin ya ƙi shiga, ja kamara baya ka yanke bangon da ke gabanta, kada ka buɗe tabarau.

Haka kayan ɗaki. Na 3D Warehouse da yawa ma'auninsu ba daidai ba ne, wasu kuma da gangan suke rage kujera don wuri ya yi faɗi. Tebur 750, kantar kicin 900, mazaunin kujera wajen 450. Matakala hawa 150 zuwa 175, taku 280 zuwa 300. Baranda mai fitowa mita uku ba ginshiƙi, ko dakin kankare (slab) mai kaurin 100 a kan falo mai faɗin mita takwas, suna da kyau a hoto, injiniya kuma zai zo ya dasa bim da ginshiƙi inda ba ka zana ba. Tambaye shi tun yanzu ka sa su a samfurin.

Layukan tsaye su tsaya tsaye: Camera, Two-Point Perspective, sannan ka adana Scene. In ka ɗaga kan kamara don rufi ya shiga, gini zai yi kamar zai faɗi baya.

Sabon_Hannu:
An gyara fari da EV, falo ya haskaka. Saura tsakin bai tafi duka ba, tayil ɗin kuma ya yi girma fiye da kima, sannan da na sa bishiyoyi renda ta tsaya ta ce ƙwaƙwalwar kati ta cika.

Hajiya_3D:
Tayil: ƙirga guda nawa ne a hoton tekschar. In huɗu ne a faɗi huɗu a tsayi kuma kowanne 600 ne, girman tekschar 2400 da 2400 za ka rubuta. Haka bulo da katako. Katako kuma zarensa ya bi tsawon itacen, ba ya gicciye ba. Bango mai faɗi da ake ganin tabo ɗaya yana maimaituwa, nemi tekscha mai rufe mita 3 ko 4, ko ka kunna juyawa ta bazata.

Kada ka tsaya kan hoton launi kaɗai. Taswirar kaushi ita ke faɗa wa haske inda zai yi sheƙi da inda zai dushe, kuma kusan ta fi launi tasiri. Ita da taswirar Normal bayanai ne ba launi ba, a karanta su a miƙe, a Blender ka zaɓi Non-Color. Idan ramukan siminti suka fito kamar ƙuraje, taswirar ta DirectX ce inda ake son OpenGL ko akasin haka, juya koren sashenta. Ma'aunin ƙarfe (Metalness) ko 1 ko 0, babu rabi. Ƙarfen da aka yi wa fenti 0 ne, domin fentin ne haske ke gani.

Ɗan_Blender:
Ƙwaƙwalwar kati lissafi ce. Girman JPG a faifai ba shi ne abin dubawa ba, wajen renda ana buɗe shi gaba ɗaya. Hoton 4096 da 4096 yana cin kusan 64 MB, na 8K 256, na 2K 16 kacal. Abu ɗaya mai taswira huɗu a 4K ya cinye 256 MB. Guda ashirin irinsa sun kusa cika katinka kafin a ƙirga bishiya ko ɗaya. Bar 4K ga ƙasa da bangon da ke gaban kamara, sauran 2K ko 1K.

Bishiya ɗaya tana iya kai fuska miliyan. Mai da ita Proxy, wato wakili mara nauyi da ke tsaya mata a samfurin, ka yi amfani da iri uku ko huɗu, kwafinsu su zama Component ɗaya, kana juya su kana bambanta girmansu da kashi 10 zuwa 15. Kwafi ɗari na irin wannan kusan nauyin guda ɗaya ne. Ciyawa iya inda kamara ke gani. Sai Purge Unused. In duk da haka ta ƙi, koma kan CPU, RAM ɗinka ta fi faɗi ko da za ta fi jinkiri.

Injiniyan_Haske:
Tsaki kuma, ka riƙe wannan: don ka rage shi rabi sai ka ninka adadin lissafin haske (samples) sau huɗu. Saboda haka ƙara lamba ita ce hanya mafi tsada, a fara neman sanadi. Na farko gilashi. Ba shi kauri milimita 6, IOR (ma'aunin karya haske) 1.5, ka tabbata Affect Shadows a kunne yake, in ba haka ba rana ba za ta ratsa kai tsaye ba, sai ta hanyar da ke haifar da fararen ɗigo. A Cycles ana haɗa gilashin da Transparent ta hanyar Is Shadow Ray. Na biyu labule mai kauri a kan tagar da ita ce kaɗai hanyar haske. Na uku ƙananan abubuwa masu fitar da haske da kansu, kamar zaren ƙwan fitila: a bar su don gani kawai, fitila ta gaske ta yi aikin haskawa. Bayan wannan sa iyakar tsaki a 0.01 ka kunna mai sharewa. Kada ka dogara da shi a kan hoto mai datti sosai, yana shafe zaren katako da saƙar kafet su koma kamar an goga.

Na dare kuma kada ka yi shi da baƙin sama. Ɗauki bayan faɗuwar rana kaɗan, sama tana da sauran shuɗi, EV wajen 7 zuwa 9 ka gwada. Fitilu da ma'auninsu na gaske: ƙwan LED mai wat 9 yana ba da lumen wajen 800. Launin hasken na ciki 2700 zuwa 3000 K, ɗuminsu a kan shuɗin sama shi ne kyan hoton. Fitilun silin da na jikin bango ka sa musu fayil ɗin IES na kamfanin da ya ƙera su, shi ke zana siffar hasken a bango. Ƙara Light Mix kafin ka fara, za ka iya rage ko ƙara kowace fitila bayan an gama ba tare da sake renda ba. Ba kowane ɗaki za a kunna ba, bar taga ɗaya ko biyu a duhu.

Sabon_Hannu:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: girman hoto nawa zan fitar? Za a buga a A3, kuma za a tura ta waya.

Mai_Taswira:
A3 milimita 420 da 297 ce. A ɗigo 300 kowane inci fiksel 4961 da 3508 ke nan. A 200 kuma wajen 3300 da 2340, wanda ya wadatar ga hoton da za a riƙe a hannu, lokacinsa kuma bai kai rabin na farko ba. Gwaji duka a faɗin 1000, wurin da kake shakka ka yi masa Region kawai a cikakken girma. Adana na asali a EXR tare da Cryptomatte, domin in an ce a canza launin bango ka zaɓe shi da dannawa ɗaya a gyara. Na bugawa PNG ko TIFF. Na waya ka rage shi zuwa faɗin 1920 da kanka, ka tura shi a matsayin fayil ba hoto ba, don WhatsApp yana matse hoto har sararin sama ya yi layi-layi.

Hajiya_3D:
Kafin ka saki ta ƙarshen, kashe barcin kwamfuta, jona ta da caja, ka ɗaga gindinta iska ta shiga. Kwamfutar tafi-da-gidanka a kan batir tana rage ƙarfin kati da kanta, in ta yi zafi ma haka. Ka turo na tokan da na ƙarshe nan mu duba inuwar barandar.